Man Ƙamshin Tsirrai: Abin da Zai Yi Maka a Wajen Ajiya da Abin da Ba Zai Iya Ba



Da zarar kaka ta yi, wake ya shigo gida, gyaɗa ta hau shanya, sai tunanin ajiya ya taso. Daga Danchadi zuwa Sifawa da Boɗinga, har ka gangara Shagari da Lambara da Kajiji, tambayar ɗaya ce kowace shekara: yaya za a yi amfanin nan ya kai lokacin da zai yi daraja, ƙwaro bai huda shi ba, funfuna ba ta kama shi ba? Wanda ya sayar da kaka ya sayar da araha. Wanda ya ajiye kuma, in ajiyar ba ta yi kyau ba, sai ya kwance buhu da bazara ya tarar da gari.

Abin da manoma da 'yan kasuwa da yawa suka saba yi shi ne yayyafa fiya-fiya. Wannan hanya ta riga ta jawo wa ƙasar nan babbar asara. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar wannan guba. Dokarsu ba ta yarda ta wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya ba, amma an sami waken da tasa ta kai 4.6. Irin waken da Turawa suka ƙi, shi ne yara ke ci a gidajenmu.

Shi ya sa maganar man ƙamshin tsirrai ke ta yawo yanzu a Facebook da WhatsApp da bakin masu talla a kasuwa: wai man kanumfari ko na tafarnuwa ko na bishiyar turare yana kashe kowace irin ƙwayar cuta, yana hana komai lalacewa. Akwai gaskiya a cikin maganar, akwai kuma ƙari. Kafin ka zuba kuɗinka ko ka jingina amfanin shekara guda a kai, ya kamata ka san inda gaskiyar ta tsaya.

Mene ne man ƙamshi?

Ka murza ganyen ɗaɗɗoya a tafin hannu ka shinshina, ko ka matse ɓawon lemu ka ga feshin da ke fita. Wannan ƙamshi da ya bugi hancinka wani mai ne ɗan kaɗan da tsiro ke ajiyewa cikin ƙananan jakunkuna a ganye ko ɓawo ko fure ko saiwa. Tsiro ba ya iya gudu in an kawo masa hari, sai Allah Ya ba shi wannan mai ya zama makaminsa: yana korar wasu ƙwari, yana hana funfuna kama shi, wani kuma yana jawo ƙudan zuma zuwa fure.

Kada ka haɗa shi da man gyaɗa ko na riɗi ko man ja. Waɗannan matse su ake yi, suna da maiƙo, kuma ba sa tashi a iska. Man dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, shi ma cikin wannan layi yake; ƙarfinsa yana cikin sinadarin ɗacin nan da ke hana ƙwaro cin abinci da girma, ba cikin ƙamshi ba. Shi kuwa man ƙamshi tashi yake yi ya bi iska. Ka ɗiga man gyaɗa a farar takarda, ka ɗiga man ƙamshi na gaske a gefensa, ka bar su yini guda. Na gyaɗa zai bar tabon maiƙo, ɗayan kuwa zai tafi kusan ba alama. Ka riƙe wannan gwaji, domin da shi za ka gane kwalbar da aka sirka da man girki.

Hanyar fitar da shi ita ce tururi. A zuba ganye a tukunya mai murfi, tururi ya ratsa shi ya kwashi man, ya bi ta bututun da ke nutse cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa ya ɗiga a kwalba, man ya rabu da ruwan. Ba sabon ilimi ba ne: tun ƙarni na 9 masanin nan Al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza kan haɗa turare da tatsar sa.

Ga waɗanda ka fi sani, da abin da ke cikinsu:

Kanumfari. Shi ne ya fi kowa mai: kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa. Mafi yawan man wani sinadari ne mai suna yujinol, wanda shi ke sa haƙori mai ciwo ya lafa in an danna masa kanumfari. Daga Indonesiya da Madagaska da Zanzibar ake noma yawancinsa.

Tafarnuwa. Sinadarinta mai ƙarfi, alisin, ba ya samuwa sai an daka ta ko an yanka. A 1944 aka fara ware shi a Amurka. Ba ya jure zafi, ba ya kuma daɗewa.

Citta. Manta kashi 1 zuwa 3 ne cikin 100. Amma yajin da ke cikinta ba ya bin tururi, cikin garin yake zama.

Ɗaɗɗoya mai manyan ganye. Wata tana da taimol, wata yujinol, gwargwadon irinta da inda ta fito.

Ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami. Tana da sitiral. Danginta ne nobe da tsabre da ke fitowa a daji.

Bishiyar turare tana da siniyol, ɓawon lemun zaƙi kuma sama da kashi 90 cikin 100 na mansa limonin ne. Kimba da masoro da na'a-na'a da bunsurun fadama duk suna da nasu.

Yadda yake kashe ƙwayoyin cuta

Abin da ke ruɓar da abinci halittu ne ƙanana iri biyu: bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, da funfuna, wadda a nan Sakkwato ake ce wa hunhuna, wadda sai ta yi yawa kake ganin ta fari ko baƙi ko kore a kan hatsi. Kowace ƙwaya daga cikinsu tana lulluɓe da wani tantani mai kitse-kitse, kamar salka da ke riƙe da ruwa. Mai da mai ba sa ƙin juna, saboda haka man ƙamshi yana kutsawa cikin wannan tantani ya sassauta shi. Sai ƙwayar ta fara yoyo, abin da ke cikinta ya tsiyaye, ta kasa yin ƙarfin da take rayuwa da shi. In man ya yi yawa ta mutu. In kaɗan ne, sai dai ta daina hayayyafa na ɗan lokaci.

Ba duka ne ƙarfinsu ɗaya ba. A gwaje-gwaje da yawa, waɗanda ke ɗauke da yujinol da taimol, wato irin su kanumfari da ɗaɗɗoya, su ne kan gaba, tare da man kirfa. Na ɓawon lemu ba shi da ƙarfi sosai a kan bakteriya. Su ma ƙwayoyin ba ɗaya ba ne: masu haddasa gudawa da taifot suna da riga ta biyu a waje, don haka sun fi wuyar kashewa. Ita funfuna, ko turirin man kawai yana iya hana irinta tsirowa, muddin turirin ya tsaya a wurin bai fice ba.

Yadda yake hana mai yin gafi

Lalacewa ta biyu ba ruwanta da ƙwayar cuta. Iska ce ke yin ta. Iskar oksijin da muke shaƙa, wadda ke sa ƙarfe tsatsa, ita ce ke kama man gyaɗa da man shanu da ƙuli-ƙuli da kitsen kilishi ta sa su gafi. Abin kamar gobarar daji yake tafiya: ɗigo ɗaya ya lalace, ya kunna na kusa da shi, shi ma ya kunna na gaba. Zafi da hasken rana da tsatsar gwangwani su ne ke hura wutar.

Yujinol da taimol da danginsu suna tare wannan gobara, kamar yadda kake share gefen gona don wuta ta zo ta tsaya. Su ne ke ƙonewa a madadin man. Wannan shi ne abin da ake nufi in an ce abu yana hana iska lalata abinci. A wannan fage kanumfari yana sahun farko cikin duk kayan yaji. Citta ma tana yi, amma da yajinta take yi, saboda haka garin citta ya fi man citta amfani a nan. Man ɓawon lemu kuwa shi kansa iska ke lalata shi in ya daɗe a buɗe.

Ka lura da abu biyu. Sinadarin ƙarewa yake yi yayin da yake tare wutar, don haka jinkirta gafi yake yi, ba hana shi har abada ba. Kuma man da ya riga ya yi gafi, babu kanumfarin da zai dawo da shi.

Me ya sa abin da ya ci a ɗakin gwaji yake faɗuwa a rumbu?

Yawancin labaran da kake ji daga ɗakin gwaje-gwaje suka fito, inda ake shuka ƙwayar cuta a ɗan faranti mai murfi, a ɗiga mata tsantsar mai kai tsaye. Sakamakon gaskiya ne. Sai dai rumbunka ba faranti ba ne, saboda dalilai huɗu.

Na farko, man tashi yake yi. A yankinmu zafin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kuma lokacin ne ajiya ta fi buƙatar tsaro. A buhun da iska ke ratsawa ko rumbu mai kafa, ƙamshin zai gudu cikin 'yan kwanaki, ƙwaro da funfuna kuwa suna nan.

Na biyu, abinci yana shanye shi. Kitse da furotin suna riƙe man su hana shi isa ga ƙwayar cutar. Wata masaniya a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Sara Burt, ta tattara binciken da aka yi a kan haka a 2004. Ta nuna cewa adadin da ya isa a ɗakin gwaji sai an ninka shi kamar sau 2 a madara, sau 50 a miya, har zuwa sau 100 a wani nau'in cuku. Kafin ka kai wannan adadi, abincin ya ƙi ciwuwa don ƙarfin ƙamshi.

Na uku, ganye ba ɗaya ba ne. Ɗaɗɗoyar da ta fito a fadamar Shagari da wadda ta fito a jigawa, ko wadda aka yanka da damina da ta rani, ƙarfinsu na iya bambanta ƙwarai. Ganyen da aka shanya a tsakiyar rana kuma ya rasa mafi yawan mansa. A inuwa ake shanya shi.

Na huɗu, ba ya shiga cikin ƙwaya sosai. Tsutsar da ta riga ta shige cikin wake, ko funfunar da ta ratsa cikin gyaɗa, tana da ganuwa.

Duba inda abin ya yi nasara a duniya, za ka ga darasin. Bayan Tarayyar Turai ta daina yarda da tsohon maganin hana dankalin Turawa tsiro a 2020, manoma can sun koma ga man na'a-na'a da na ɓawon lemu. Amma a rufaffen sito suke fesa shi kamar hazo, su rufe ƙofa, su sake fesawa bayan 'yan makonni. Masu kiwon zuma ma suna sa taimol don kashe wani ɗan ƙwaro da ke damun zuma, amma cikin akwati mai murfi. Ko'ina sharaɗin ɗaya ne: rufaffen wuri, adadi sananne, da maimaitawa.

Wake

An yi bincike sosai a kan wannan a Afirka ta Yamma. A Togo an gwada man nobe, a Gini man ɗaɗɗoya, a Burkina Faso bunsurun fadama, a Senegal kuma ganye da 'ya'yan anza. Duk sun nuna cewa a cikin rufaffen mazubi turirin yana kashe manyan ƙwari da ƙwansu, amma tsutsar da ta girma cikin ƙwayar wake ta fi jurewa. Ashe dattawan da ke shimfiɗa bunsurun fadama a rumbu suna kan hanya. Abin da rumbun ya rasa shi ne rufi.

To, in dai rufi ne sharaɗin, ka sani rufin kaɗai yana kashe ƙwaro ko babu ganye. Wannan shi ne sirrin buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da kansu, su daina ci, su mutu. Jarka ko duro mai murfi mai kyau ma yana yin wannan aiki, in an cika shi har baki.

Ga tsarin da ya dace:

1. Ka busar da waken sosai, ka sheƙe, ka tsince mai huji.
2. In ka ga alamar ƙwari tun daga gona, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ka sa baƙar leda a kai, ka baza waken, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ka bar shi awa 2 da tsakar rana. Zafin digiri 57 na awa guda yana kashe ƙwai da tsutsa da babba.
3. Ka bari ya huce, sannan ka zuba a buhun PICS ko jarka, ka rufe, kada ka riƙa buɗewa.
4. Waken da ake ɗiba kullum don girki, wanda ba zai zauna a rufe ba, shi ne wurin da busasshen ganyen ɗaɗɗoya ko bunsurun fadama zai taimaka, a riƙa sabunta shi. Ko kuma a shafe shi da man gyaɗa, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, ga kowane kilo. Masu bincike na IITA a Ibadan sun nuna amfanin haka tun 1978: man yana toshe wa ƙwan numfashi.

Gyaɗa da masara

A nan ne ganganci ya fi haɗari. Akwai wata funfuna mai launin kore-kore da ke fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 daga cin tunkuzar gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. In ana cin ta kaɗan-kaɗan tana kawo ciwon dajin hanta, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan ɗaya.

Man kanumfari da na ciyawar shayi suna hana wannan funfuna girma a ɗakin gwaji, gaskiya ne. Amma ba sa cire gubar da ta riga ta samu. Suya ba ta kawar da ita, dafuwa ma haka, kuma in an matse mai, yawancinta cikin tunkuza da ƙuli-ƙuli take zama. Gyaɗa mai ƙamshin kanumfari tana iya zama cike da guba.

Maganin yana gona da wurin shanya. Ka cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada ta daɗe a ƙasa bayan ruwa ya ɗauke. Ka shanya a kan tamfol ko tabarma, ba a kan turɓaya ba, har sai kwanson yana kaɗawa in ka girgiza, ƙwayar kuma tana karyewa ƙas. Ka tsince ta-ƙwandare da mai baƙi da fasasshiya, kada ka ba yara, kada ka ba kaji. Ga masara, ka zuba ta a busasshiyar kwalba da cokali 2 na busasshen gishiri, ka girgiza, ka bari minti 15, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi. Akwai kuma Aflasafe, wanda IITA ta samar, ana watsa kilo 10 a hekta mako 2 zuwa 3 kafin fure. Ka tambayi malamin gona na yankinka inda ake samun sa.

Albasa

Masu noman rani a fadamu da bakin madatsar ruwa ta Shagari sun san yadda baƙar funfuna da ruɓar wuya ke cin albasa a rudu. To, ga cikas ɗin: albasa abu ce mai rai, iska take so ta ratsa ta. Man ƙamshi kuma rufi yake so. In ka rufe albasa don ka tsare ƙamshi, gumi zai ruɓar da ita. In ka buɗe, ƙamshin ya tafi. Ita kanta albasar cike take da irin sinadaran tafarnuwa, amma hakan bai hana ta ruɓa ba.

Saboda haka kada ka kashe kuɗi a nan. Ka rage takin zamani a ƙarshen noma, ka tsai da ban ruwa mako 1 zuwa 2 kafin cira, ka bari ganye ya kwanta, ka shanya har wuya ya bushe ya rufe, kada ka yanke ganyen ƙut a jikin albasar. Ka ware wadda ta ji rauni da mai kaurin wuya ka fara sayar da su. Rudu ya kasance a ɗage daga ƙasa, cikin inuwa, kada jibgin ya yi tsawo, a riƙa dubawa ana cire wadda ta fara.

Man gyaɗa, kilishi da fura

Ke uwargida mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, nan ne kayan ƙamshi suka fi yi miki rana, amma bayan kin yi na farko. Ki soya man har ruwan cikinsa ya ƙone, ki tace shi tas, ki zuba a busasshen mazubi mai tsabta, ki cika har baki don iska ta rasa wurin zama, ki ajiye a wuri mai duhu da sanyi. Kada ki zuba sabo a kan tsoho, kada ki yi amfani da gwangwani mai tsatsa. Kwalbar da ke yini a rana a bakin titi ita ce ta fi saurin gafi. In kina son gwada kanumfari, ki jefa 'yan ƙwayoyi busassu a ƙaramar kwalba ɗaya, ki bar wata babu, ki ɗanɗana bayan wata biyu, ki kuma ji ra'ayin masu saye, tunda ƙamshin zai fito.

Abu ɗaya da ba a yi: kada a jiƙa ɗanyar tafarnuwa cikin mai a ajiye. A ƙarƙashin mai babu iska, kuma nan ne wata ƙwayar cuta ke fitar da guba mai shanye jiki, wadda ba ta da wari balle a gane.

Labun kilishi, da cittarsa da kanumfari da masoro da barkono, yana rage gafi yana kuma danne ƙwayoyin cuta. Amma abin da ke riƙe kilishi shi ne yanka shi siriri, shanya, gishiri da gashi. Haka kayan yajin fura da kunun zaƙi da zoɓo: suna ɗan ƙara musu lokaci, ba sa gyara ruwa marar tsabta ko ƙwaryar da ba a wanke ba.

Kaji da dabbobi

Daga 1 ga Janairun 2006 Tarayyar Turai ta hana zuba maganin antibayotik a abincin dabbobi don su yi saurin girma, domin yawan amfani da shi yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Matsalar ba ta Turai kaɗai ba ce: an ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Duk mai fasa kafso ja-da-yalo a ruwan kaji ba tare da dalili ba yana ƙara wa wannan wuta itace.

Tun daga lokacin kamfanoni ke sa taimol da man kirfa a abincin kaji. Wani lokaci a ga amfani, wani lokaci ba a gani. Ɗan garin citta ko tafarnuwa a abincin kaji ba laifi. Amma cutar Niyukasul da ke share kaji da hunturu ƙwayar bairos ce, rigakafi ne kawai ke tare ta, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin sa. Dabbar da ta kwanta, likitan dabbobi za a kira.

A yi hattara

Kasancewar abu daga tsiro ya fito bai sa ya zama marar illa ba. Tsantsar man ƙamshi ganye ne mai tarin yawa aka tara a ɗan ɗigo.

Kada a sha shi, kada a ba yaro. Ɗan kaɗan na man bishiyar turare yana sa yaro jijjiga ko suma, kuma cokalin shayi 1 zuwa 2 na man kanumfari ya taɓa lalata hantar ƙananan yara. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya asibiti da kwalbar.

Yana ƙona fata da ido, yana kuma kama wuta. A ajiye shi nesa da murhu.

Yana ƙona shuka. A Amurka har maganin kashe ciyawa ake yi da man kanumfari. Kada ka fesa a gona ba ka gwada a kan shuka biyu ko uku ba.

Yana iya rage tsirowar iri. Duk irin da ya zauna da shi, ka ƙirga ƙwaya 100 ka shuka a jiƙaƙƙen yashi ka ga nawa suka fito kafin ranar shuka.

Kwalbar da ba ta da sunan tsiro, ba ranar ƙarewa, ba lambar NAFDAC, ka bar wa mai ita. Araha ba ta ado.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Wasu ƙungiyoyi suna tunanin sayen tukunyar tatsa. Sana'ar tana yiwuwa: Indiya ce kan gaba a duniya wajen man na'a-na'a, kuma ƙananan manoma ne ke noma shi a jihar Uttar Pradesh. Amma ku yi lissafi tukuna. Lita ɗaya ta man ciyawar shayi tana cin ɗanyen ganye kilo 200 zuwa 300, ga itacen hura wuta na awanni, ga ruwan sanyaya bututu, a yankin da itace da ruwa duk kuɗi ne. Mai saye kuma zai nemi takardar gwajin da ke nuna abin da ke cikin man. Ku fara samun mai saye da farashinsa, ku kai samfur sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a auna muku yawan man da ganyenku ke bayarwa, sannan ku yi maganar tukunya. Kafin nan, busasshen ganyen shayi da na'a-na'a a ƙulle cikin leda mai tsabta suna da kasuwa ba tare da wata na'ura ba.

Abin da ya fi sauƙi, wanda za ku iya farawa a wannan kaka, shi ne gwaji. Ku ɗebi wake daga buhu ɗaya ku raba kashi huɗu daidai. Na farko a jarka rufaffiya shi kaɗai. Na biyu a jarka rufaffiya tare da busasshen ganyen da kuka yarda da shi. Na uku a buhu na yau da kullum tare da ganyen. Na huɗu a buhu babu komai. Sakatare ya rubuta rana da yawan ganyen da aka sa. Bayan wata 3 a buɗe gaban kowa, a ƙirga ƙwaya 100 daga kowane kashi, a ga nawa ne suka huje, a shuka 100 a ga nawa suka tsiro, a dafa kaɗan a ɗanɗana. In gidaje uku ko huɗu suka yi tare, sakamakon zai fi abin dogaro, kuma gani ya kori ji.

Kuɗin da ƙungiya za ta sa a kwalaben mai, in ta sa su a tamfol ɗin shanya da buhunan PICS da aka saya a sari da rigakafin kaji, ribar ta fi tabbata. Kanumfari da citta da ɗaɗɗoya da nobe su zo daga baya su ƙara ƙarfi, a wurin da aka riga aka busar, aka tsince, aka rufe.

Allah Ya sa albarka a abin da muka noma, Ya tsare mana shi har ya kai lokacin amfaninsa.